NetLogo, Mesa, GAMA, Repast, MASON ko Agents.jl: wacce za ka ɗauka don samfurin kwaikwayonka?

Kana da tambaya a hannu. Wataƙila kana son sanin yadda cuta ke bin mutane gida-gida a cikin birni, ko dalilin da ya sa motoci ke cushewa a babban titi alhali babu hatsari a gaba, ko yadda masunta kan ƙarar da kifin tafki ba tare da ko ɗayansu ya yi nufin haka ba. An ce maka hanyar ita ce ka gina samfurin kwaikwayo mai wakilai. Ka shiga intanet, sai ga manhajoji birjik, kowacce kyauta, kowacce kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, a buɗe ga kowa, kowacce da masu rantsuwa da ita. Shida ne za su fi yawan faɗo maka: NetLogo, Mesa, GAMA, Repast, MASON da Agents.jl.

Ga wanda bai saba da hanyar ba, ga yadda take. Maimakon ka rubuta lissafi guda da zai bayyana jama'a gaba ɗaya, sai ka ƙirƙiri ɗaiɗaiku a cikin kwamfuta. Kowanne wakili ne na mutum, ko dabba, ko mota, ko gida. Ka ba shi ƴan ƙa'idoji masu sauƙi, ka sake su su yi mu'amala, ka zauna ka ga abin da zai taso. Thomas Schelling ya yi haka a 1971 da sulalla a kan allo mai gida-gida: sulalla iri biyu, kowanne yana tashi ya koma wani gidan idan maƙwabta irinsa sun yi masa kaɗan. Babu wanda ya nemi wariya, amma wariyar ta fito. Wannan samfurin yana nan a cikin NetLogo. Ka saita kowane wakili ya gamsu idan kashi 30 cikin ɗari na maƙwabtansa irinsa ne, ka danna, kafin ka ƙifta ido allon ya rabu gungu-gungu, matsakaicin maƙwabta masu kama da juna ya kai wajen kashi 70.

Dukkan shidan za su iya gina wannan. Abin da ya bambanta su, a ganina, ya fi ƙarfin kod. Idan ka ɗauki ɗaya, ka shiga cikin wasu mutane ne: su za su amsa maka ranar da ka maƙale, su za su yanke shawarar canza abin da samfurinka ya dogara a kai, kuma idan suka watse, aikinka ya zama maraya. Don haka a kowacce zan duba manhajar, in kuma duba masu riƙe da ita.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi. Babu wadda za ka biya ko sisi don sauke ta a cikin shidan nan, saɓanin irin su AnyLogic wadda ta kamfani ce kuma kod ɗinta a rufe yake. Amma kyauta ba ta nufin babu tsada. Za ka biya da makonnin koyon yaren kwamfuta, wani lokaci kuma da hayar babbar kwamfuta. Lasisi ma yana shiga nan. Lasisin GPL yana wajabta maka buɗe kod ɗinka idan ka gyara ita kanta manhajar sannan ka rarraba ta. Apache, BSD da MIT ba su ɗora wannan sharaɗin ba. Ɗalibi ba zai ji bambancin ba, amma kamfanin da ke son cusa manhajar a cikin hajarsa zai ji.

Na biyu sauƙi: kwana nawa tsakanin sauke manhaja da ganin samfurinka na farko yana motsi? Na uku ƙarfi: wakilai nawa za ta ɗauka, kuma sau nawa za ka iya maimaita gudu kafin lokaci ya ƙure maka? Na huɗu, yadda take karɓar taswira da bayanan gaske.

Na biyar ɗorewa, kuma a nan akwai labarin da ya kamata kowa ya sani. A tsakiyar shekarun 1990 Cibiyar Santa Fe da ke Amurka ta fito da Swarm, ƙarƙashin Chris Langton. Ita ce uwa a wannan fanni, daga tunaninta Repast da MASON suka ɗauki abubuwa da yawa. An rubuta ta da yaren kwamfuta mai suna Objective-C, ta yi tashe, ta tara jama'a har da taron shekara-shekara. Yau da wuya ka sami wanda zai fara sabon aiki da ita. Kod ɗin bai ɓace ba, yana nan a buɗe. Masu kula da shi ne suka koma wasu wuraren. Wanda ya gina digirinsa a kanta, idan yana son sake kunna samfurin, sai ya sha fama.

Na shida haɗari: sabon zubi, wato sabuwar fitowar manhajar, zai karya tsohon aikinka? Wani zai iya sake fitar da sakamakonka a kwamfutarsa?

NetLogo

Uri Wilensky ya fitar da ita a 1999, kuma cibiyarsa da ke Jami'ar Northwestern a Amurka ce ke kula da ita har yanzu. Jikar Logo ce, yaren da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙira don yara, ta hanyar StarLogo ta Mitchel Resnick. Shi ya sa wakilai masu motsi ake ce musu turtles, wato kunkuru. Lasisinta GPL ne.

A wajen sauƙi babu mai ja da ita. Ka buɗe ta, ka shiga ɗakin ajiyar samfuranta, akwai ɗaruruwa a shirye: kyarkeci da tumaki, gobarar daji, tururuwa na neman abinci, garken tsuntsaye, yaɗuwar ƙwayar cuta. Kowanne da bayaninsa da kod ɗinsa. Madannai, sandunan da ake ja don canza adadi, da zanen giraf duk da linzamin kwamfuta ake ajiye su, ba sai an rubuta ba. Umarni kamar `ask turtles [ forward 1 ]` ko wanda bai taɓa rubuta kod ba zai gane cewa an ce kowane kunkuru ya yi taku ɗaya gaba. Akwai kuma NetLogo Web da ke aiki a burauza ba tare da an sauke komai ba, da HubNet da ke bai wa ɗaliban aji damar kowa ya riƙe wakili ɗaya daga kwamfutarsa.

Mutane da yawa kan raina ta, su ce ta yara ce. Ban yarda ba. Mujallun bincike cike suke da ayyukan da aka yi da ita, kuma littattafan koyar da wannan fanni a jami'a da dama da ita aka rubuta su. Kayan aikinta mai suna BehaviorSpace yana maimaita samfuri sau dubbai da saituna daban-daban, ya zuba sakamakon a fayil, har ma ba tare da an buɗe fuskar manhajar ba. Akwai ƙarin sassa na taswira, na hanyoyin sadarwa tsakanin wakilai, da na haɗa ta da yarukan kwamfuta Python ko R.

Iyakarta gaskiya ce, amma ta fi nisa da yadda ake zato. Gudu ɗaya na samfuri yana amfani da kan sarrafawa ɗaya ne kawai, wato ɗaya daga cikin sassan da ke yin lissafi a ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko da tana da goma sha shida. BehaviorSpace ne ke iya rarraba gudu daban-daban a kansu. Wakilai dubbai, har dubun dubata, tana ɗauka lafiya idan an rubuta kod da hankali. Steven Railsback da abokansa sun nuna a mujallar JASSS a 2017 cewa sau tari jinkirin daga salon rubutun yake, misali a sa kowane wakili ya duba dukkan sauran wakilai a kowane taku, kuma gyara kaɗan kan ninka saurin. Inda take gajiya da gaske shi ne miliyoyin wakilai, da kuma kod mai tsawo da mutane da yawa ke rubutawa tare, domin yaren bai tanadi hanyoyin tsara babban aiki kamar Java ko Python ba. Kuma yaren nata ne ita kaɗai. Ƙwarewarka a cikinsa ba za ta bi ka wani aikin ba.

Ɗorewa kuwa, ta haura shekara 25 a hannun cibiya ɗaya, kuma jama'arta sun fi na kowacce yawa. Duk tambayar da za ka yi, kusan tabbas wani ya riga ka, an kuma amsa masa. Zubi na 6 ya canza yadda ake rubuta wasu umarni, na 7 da ya fito a 2025 ya zo da sabon tsarin fayil, amma manhajar kan yi ƙoƙarin juya tsohon samfuri da kanta idan ka buɗe shi.

Mesa

Jackie Kazil da David Masad ne suka fara ta suna ɗaliban bincike a Jami'ar George Mason, suka gabatar da ita a taron SciPy na 2015. Da Python aka rubuta ta, lasisinta Apache 2.0.

Ƙarfinta duka daga Python yake zuwa. Idan bayananka suna cikin pandas, kayan Python na sarrafa teburan bayanai, kana zanen giraf da Matplotlib, kana son wakilanka su yanke shawara da wani tsarin koyon na'ura, to Mesa ta ajiye samfurin a ɗaki ɗaya da waɗannan kayan. Mai tattara bayananta yana miƙa maka teburi kai tsaye, ba sai ka fitar da fayil ka sake shigo da shi ba. Mesa-Geo na kula da taswira. Abin da ka koya kuma yare ne da zai yi maka amfani a wurare da yawa.

Ba ta da sauri. Python kan yi tafiyar hawainiya idan aka sa shi ya bi wakilai ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin aikin. Kada ka bar NetLogo ka koma Mesa da tunanin za ka sami gudu, sau da yawa akasin haka za ka gani. Fuskar kallo ma sai ka rubuta ta da kod.

Jama'arta masu aikin sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban, suna aiki a fili a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod ana gyara shi tare, suna karɓar ɗalibai ta shirin Google Summer of Code. Wannan abu ne mai kyau: sabon shiga zai iya gyara kuskure, a duba, a karɓa, ya ga sunansa a cikin masu hannu a aikin. Ga wanda yake son ya zama ɗan gida, ba mai amfani kawai ba, ƙofar Mesa ta fi sauran buɗewa. Sai dai gidan da ake gini kullum ba ya rasa ƙura. Zubi na 3 da ya fito a Nuwamba 2024 ya sauya tushen yadda ake kunna wakilai. Tsoffin masu tsara jeri irin su `RandomActivation` aka ajiye su gefe, daga baya aka cire, aka maye gurbinsu da umarni kamar `shuffle_do`. Sabon tsarin ya fi tsabta, kuma sun rubuta jagorar ƙaura. Amma darussa da yawa da ke yawo a intanet na tsohon zubi ne, don haka mai koyo kan kwafi misali ya ƙi aiki, ya ɗauka laifinsa ne. Duk mai aiki da Mesa ya rubuta lambar zubin da ya yi amfani da shi a cikin fayilolin aikinsa tun ranar farko.

Tsokaci kan jeri, kafin a wuce

Wannan `shuffle_do` ya taɓo wani abu da ya fi zaɓen manhaja muhimmanci. Wa zai fara motsi a kowane taku? Idan tumaki biyu na kallon ciyawa ɗaya, wadda aka fara kira ita za ta ci. A NetLogo, `ask` yana cakuɗa jerin ta hanyar ƙuri'a a kowane karo, ko ka sani ko ba ka sani ba. A Mesa kai za ka zaɓa: `do` yana bin jeri ɗaya, `shuffle_do` yana cakuɗawa. Ba ƙaramin abu ba ne. A 1992 Martin Nowak da Robert May sun wallafa samfurin haɗin kai da cin amana a kan allo, inda kowa ke sabunta matsayinsa lokaci guda, masu haɗin kai suka ci gaba da wanzuwa. A 1993 Bernardo Huberman da Natalie Glance suka maimaita shi da sabuntawa ɗaya bayan ɗaya, sai sakamakon ya juya, masu cin amana suka mamaye allon. Duk manhajar da ka ɗauka, ka nemi sanin abin da take yi a wannan gaɓar idan ba ka ce mata komai ba, ka kuma adana lambar da ƙuri'ar ke farawa da ita domin a iya maimaita gudun.

GAMA

An fara ta a 2007 a haɗin gwiwar masu bincike na Faransa da Biyetnam, a ƙarƙashin sashen UMMISCO na IRD, wata cibiyar bincike ta Faransa, Alexis Drogoul na cikin jagororinta. Yarenta GAML, lasisinta GPL.

Idan tambayarka tana zaune a kan ƙasa ta gaske, nan ce gidanta. Ka ba ta fayil ɗin taswirar gine-gine, ka rubuta layi ɗaya irin `create building from:` da sunan fayil ɗin, kowane gini ya zama wakili mai siffarsa da bayanansa. Tituna su zama hanyoyin da mutane ke bi, kogi ya zama abin da ke iya cika ya yi ambaliya. Tana karanta bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet, tana nuna birni da tsayin gine-ginensa, tana kuma da tanadin wakilai masu imani da buri da niyya, ga wanda ke son mutanensa su yi tunani fiye da bin ƙa'ida ɗaya. A 2020 tawagarta ta gina wani samfuri mai suna COMOKIT don gwada matakan daƙile korona a Biyetnam, kuma an yi aiki da ita sosai a kan noma da ruwa a yankin bakin kogin Mekong.

Koyonta ya fi na NetLogo ɗaukar lokaci, GAML na da kalmomi da yawa. An gina ta a kan Eclipse, wata manhajar rubuta kod, tana cin ma'adanar kwamfuta, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka za ta yi nishi idan taswirar ta yi girma. Jama'arta ba su kai na NetLogo yawa ba, amma masu amsa tambaya sau da yawa su ne masu rubuta manhajar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna shirya horo a kai a kai. Mai jin Faransanci zai sami ƙarin abokan aiki a nan. Haɗarinta irin na NetLogo ne, yare ne na gida ɗaya.

Repast

Ta samo asali a Jami'ar Chicago, daga baya ta koma hannun ɗakin binciken ƙasa na Argonne a Amurka. Lasisinta BSD ne. A gaskiya iyali ce mai ƴaƴa uku: Repast Simphony ta Java don kwamfutar tebur, Repast HPC ta C++ don manyan kwamfutoci, da Repast4Py wadda ke kawo rarraba aiki a kan injuna da yawa cikin Python.

Dalilin zuwa nan girma ne. Lokacin korona, masu binciken Argonne sun gina CityCOVID, inda aka wakilci mazauna Chicago kusan miliyan 2.7, kowa da gidansa da wurin aikinsa da zirga-zirgarsa, a kan babbar kwamfutar cibiyar. Irin wannan aikin aka yi Repast HPC dominsa. Kuɗin kuwa yana fitowa a wani gefen: kana buƙatar injunan, kana buƙatar sanin MPI, wato tsarin da injuna ke aika wa juna saƙo, kuma dole ka yi tunanin abin da zai faru idan wakili ya tsallaka daga yankin wani inji zuwa na wani. Kafa Repast4Py ya fi sauƙi a Linux. Ɗorewarta mai kyau ce domin ma'aikatan cibiya ne ke riƙe da ita, ba masu sa-kai kaɗai ba, amma jama'ar waje ba su da yawa, misalan da za ka kwafa ma haka.

MASON

Aikin haɗin gwiwa ne a Jami'ar George Mason tsakanin ɗakin binciken Sean Luke da cibiyar Claudio Cioffi-Revilla, ta fito a 2003. Java ce, lasisinta Academic Free License.

Ina girmama tsarinta. Ta raba samfuri da fuskar kallo gaba ɗaya, har za ka iya tsayar da gudu a tsakiya, ka adana shi, ka kai wata kwamfutar, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ka ɗora masa fuska ka leƙa, ka cire. An gina ta ne domin sakamako ya fito iri ɗaya a ko'ina. Tana da sauri, ba ta da nauyi, jagorarta ɗaruruwan shafuka ce kyauta, GeoMason kuma na kula da taswira. Sai dai ba ta lallashin kowa: idan ba ka iya Java ba, ba ta da abin da za ta ba ka. Masu riƙe da ita kaɗan ne, kuma wannan shi ne haɗarinta, ko da yake rashin yawan canji ya sa tsohon kod kan daɗe yana aiki.

Agents.jl

Ita ce ƙaramarsu a shekaru. Da Julia aka rubuta ta, yaren da zubinsa na 1.0 ya fito a 2018. Ali Vahdati ya fara ta, George Datseris da ƙungiyar JuliaDynamics suka faɗaɗa ta. Lasisinta MIT.

Alƙawarinta shi ne gajeren kod mai kama da Python da gudu mai kusan na C. Masu ita sun wallafa gwaje-gwajen da ke nuna ta fi Mesa, NetLogo da MASON sauri a kan samfura irin su na Schelling da garken tsuntsaye. A tuna cewa masu haja ne suka yi awon, amma kod ɗin gwajin a buɗe yake, kowa na iya maimaitawa, kuma tazarar da ke tsakaninta da Mesa babba ce. Tana iya tafiyar da wakilai a kan titunan OpenStreetMap, tana kuma haɗuwa da kayan lissafin Julia cikin sauƙi, abin da ke da amfani idan jikin kowane wakili na bin wani lissafi mai gudana. Haɗarin: masu Julia ba su kai masu Python yawa ba, samun abokin aiki ko mai duba maka kod zai fi wuya, gudun farko kan ɗan jinkirta kafin yaren ya gama harhaɗa kod, kuma salon rubutu ya sha canzawa tsakanin manyan zubi.

| Manhaja | Yare | Lasisi | Sauƙin farawa | Inda ta fi ƙarfi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NetLogo | NetLogo | GPL | Mai sauƙi ƙwarai | Koyarwa, gwajin tunani, yawan jama'a | Miliyoyin wakilai, dogon kod |
| Mesa | Python | Apache 2.0 | Mai sauƙi ga mai Python | Nazarin bayanai, buɗaɗɗiyar ƙofa | Jinkiri, canjin zubi |
| GAMA | GAML | GPL | Matsakaici | Taswira da birane | Nauyi, yaren gida ɗaya |
| Repast | Java, C++, Python | BSD | Mai wuya | Manyan kwamfutoci | Wahalar kafawa, ƙarancin misalai |
| MASON | Java | Academic Free License | Mai wuya ga marar Java | Sauri, maimaita sakamako | Masu riƙo kaɗan |
| Agents.jl | Julia | MIT | Matsakaici | Sauri da gajeren kod | Ƙaramar jama'a |

Jama'ar da ba ta kowace manhaja ba

Akwai wata ƙungiya da za ka shiga ko wacce ka zaɓa: CoMSES Net, wadda ta taso daga wata ƙungiyar da ta gabace ta mai suna OpenABM, da cibiyarta a Jami'ar Jihar Arizona, inda Marco Janssen da Michael Barton ke cikin jagorori. Tana da ɗakin ajiyar samfura da ke karɓar kod na kowane yare, kyauta. Za ka iya neman a duba maka: shin yana aiki, shin an bayyana shi yadda wani zai gane, shin kod ɗin a tsare yake. Wanda ya tsallake ana ba shi lambar DOI ta dindindin da za a riƙa ambato a mujallu.

Buƙatar haka ba ƙarama ba ce. Janssen ya bi muƙaloli 2,367 na wannan fanni da aka wallafa tsakanin 1990 da 2014, ya tarar kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai suka saki kod ɗinsu. Wannan adadin yana damuna ƙwarai. Samfurin da ba wanda zai iya kunnawa, sai dai a yarda da maganar marubucinsa kawai, alhali an ga yadda sauya jeri kaɗai ke iya juya sakamako. Tare da ajiye kod, ka rubuta bayanin samfurin da tsarin ODD, wanda Volker Grimm da abokansa suka fitar a 2006, aka sabunta shi a 2010 da 2020. Yana tilasta maka ka faɗi manufa, su waye wakilai, me ke faruwa a wane jeri, daga ina aka fara. Idan manhajarka ta bi sahun Swarm, wannan bayanin ne zai ba wani damar sake gina aikin a wata.

Wa ya dace da wacce

Idan samfurinka na farko ne, ko kana koyar da aji, ko kana son gwada wani tunani kafin ka zuba masa watanni, ɗauki NetLogo, ko da ka iya wani yaren. Ganin wakilai suna motsi a ranar farko yana fallasa kurakuran tunani da teburin lambobi kan ɓoye. Yawancin ayyukan digiri ba za su taɓa kai wa iyakarta ba.

Idan Python ne yaren aikinka na kullum, wakilanka ba su wuce ƴan dubbai ba, kuma nauyin aikin yana wajen nazarin bayanai, Mesa ce taka, bisa sharaɗin ka kafe lambar zubi kuma ka bi jagorar manhajar ta yanzu maimakon tsoffin darussa. Ita ce kuma zan nuna wa matashin da ke son koyon yadda ake ba da gudummawa a buɗaɗɗiyar manhaja.

Idan tambayar ba ta da ma'ana sai da taswirar gaske, kamar kwashe mutane lokacin ambaliya, zirga-zirgar birni ko sauyin amfani da filaye, ka tafi GAMA kai tsaye. Makonnin da za ka kashe a kan GAML ba su kai waɗanda za ka kashe kana lallaɓa taswira a wata manhajar ba.

Idan kana buƙatar maimaita gudu sau dubu ɗari a kwamfuta ɗaya don daidaita samfuri da bayanai, zaɓin yana tsakanin Agents.jl da MASON. Mai Java da ke son abin da zai buɗe bayan shekara goma ya tarar yana aiki, ya ɗauki MASON. Wanda zai koyi sabon yare ko ta yaya, kuma aikinsa na da lissafi mai yawa, ya ɗauki Agents.jl.

Repast HPC da Repast4Py na tawagar da ke da babbar kwamfuta ne, da injiniya a cikinta, da kuma hujjar cewa sai an wakilci kowane mutum a birni tambayar za ta amsu. Ko su ma gara su fara gina ƙaramin samfurin a NetLogo ko Mesa, su tabbatar ƙa'idojin sun tsaya, sannan su ƙaura.

Wanda kuma ya rage tsakanin biyu, ya ware kwana uku. Ya gina samfurin Schelling a kowacce daga tushe ba tare da kwafi ba, ya ninka wakilan sau goma ya auna lokaci, ya shiga GitHub ya duba ranar da aka yi gyara na ƙarshe da yawan mutanen da suka sa hannu a shekarar da ta wuce, sannan ya aika tambaya ɗaya ta gaske ga jama'ar kowacce, ya ga wa zai amsa da kuma kwana nawa za a ɗauka.